Farfesa Laurel Ulrich da kundin ungozoma Martha Ballard

Tambaya: Ni ɗalibar tarihi ce a ajin ƙarshe. Na ji an ce wata malama a Amurka ta rubuta littafi sukutum daga kundin da wata ungozoma take rubuta al'amuranta na kullum. Wace ce ita, kuma ta yaya ta fitar da tarihi daga irin wannan rubutu?

Amsa: 'Yar'uwa, Farfesa Laurel Thatcher Ulrich kike nufi. An haife ta a 1938 a Sugar City, jihar Idaho. Adabin Ingilishi ta fara karantawa a Jami'ar Utah, ta gama a 1960. Digirin digirgir a tarihi kuwa sai a 1980 ta same shi a Jami'ar New Hampshire, tana da shekara 42 da 'ya'ya biyar. A nan ta koyar har 1995, sannan ta koma Harvard. Littafin shi ne A Midwife's Tale na 1990, wanda ya ci kyautar Pulitzer a 1991.

Kundin na Martha Ballard ne, ungozomar garin Hallowell da ke bakin kogin Kennebec a yankin Maine. Ta rubuta shi daga 1785 zuwa 1812, kusan kwana dubu goma, ta karɓi haihuwa 816. Rubutun a taƙaice yake: yanayin gari, gidan da aka kira ta, yadda ta ƙetare kogi a kwale-kwale ko a kan ƙanƙara, wanda ya biya da wanda bai biya ba. Marubutan tarihin garin na da sun san da shi, suka tsinci 'yan wurare, sauran suka ɗauke shi hidimar gida marar amfani.

Kuskurensu ke nan, kuma ɗalibai na yinsa har yau: neman babban labari, a tsallake abin da ake maimaitawa. Ulrich ta kama maimaicin ta ƙirga. Ta shafe shekara takwas tana zuba bayanan a jadawali, kowace haihuwa da ranarta da ladanta da abin da ya biyo baya. Sule shida ne ladan da aka saba, wani lokaci a biya da hatsi ko yadi. Daga ƙirgen ta gano babu macen da ta rasu a hannun Martha lokacin naƙuda, biyar ne suka rasu cikin jego. Cikin 'ya'yan fari 106 da ta karɓa, 40 an ɗauki cikinsu kafin ɗaurin aure, kashi 38 cikin ɗari. Ki lura, wannan adadi na matan da suka kira Martha ne, ba na garin duka ba. Wanda ya shimfiɗa shi a kan Amurka baki ɗaya ya wuce abin da takardar ta ba shi.

Mataki na biyu shi ne gwada kundin da takardun maza na lokacin: bayanan kotu, rajistar haraji, da kundin Henry Sewall, magatakardan garin. A nan aikin ya fi burge ni. Littattafan 'yan kasuwa sunayen magidanta suke ɗauke da su, sai ka zaci mata ba sa cikin harkar dukiya. Kundin Martha ya nuna 'ya'yanta mata a kan masaƙa, maƙwabta na musayar zare da yadi da aikin yini, ciniki mai yawa da bai shiga littafin kowane kanti ba.

Sai sanin dokar zamanin, don idan babu ita, wasu layukan ba za su karantu ba. Wata dokar Massachusetts ta 1668 (yankin Maine yana ƙarƙashin Massachusetts a zamanin Martha) ta sa a tambayi macen da ba ta da aure sunan uban ɗanta tana tsakiyar naƙuda, bisa zaton ba za ta yi ƙarya a wannan hali ba, kuma ungozoma ce ke karɓar shaidar. A 1791 wata budurwa, Sally Pierce, ta ambaci Jonathan, ɗan Martha na cikinta. Martha ta rubuta hakan a kundinta ba ta ɓoye ba, daga baya su biyun suka yi aure.

Asalin kundin yana ɗakin karatu na jihar Maine a Augusta, an kuma ɗora hotunan shafukansa a intanet a dandalin DoHistory. Ki ɗauki shafukan wata guda ki gwada ƙirgen da kanki. Rubutun hannunta da wuyar karantawa da farko, kalma ɗaya ma takan rubuta ta iri-iri, don haka ki riƙa furta kalmomin a fili.