Suwic ya ce sabar RADIUS ba ta amsawa

Salamu alaikum 'yan'uwa. Injiniya, na saurari muryarka, ka ce ka haɗa suwic (na'urar da kwamfutoci ke jonawa da kebul) da sabar RADIUS, wato sabar da ke tantance masu shiga, don 802.1X, tsarin da ke tantance na'ura kafin suwic ya ba ta hanya, amma kowa ya jona kebul sai a jira, a jira, daga ƙarshe suwic ya ce sabar ba ta amsa ba.

To ka ga, sabar ta ƙi mutum daban, ta yi gum daban. In ta turo Access-Reject, wato amsar ƙi, saƙo ya isa, laifin yana wajen sunan mai shiga ko kalmar sirrinsa ko ƙa'idar da ka rubuta. Naka kuwa shiru ne, kada ma ka ɓata lokaci a Active Directory, inda ake ajiye asusun masu shiga, tukuna.

Fara da adireshin IP. Suwic mai VLAN (sassan da aka raba hanyar sadarwa) da yawa yakan fita da adireshin da ba shi ka rubuta a sabar ba, ita kuma RADIUS in ba ta san mai ƙwanƙwasa ba, ko kallo bai ishe ta ba. In manhajar sabar FreeRADIUS ce, tsayar da ita, ka tayar da ita da umarnin radiusd -X mai nuna duk abin da take yi a allo, ka jona kwamfuta ɗaya ka zuba ido. Za ta rubuta maka ɓaro-ɓaro daga wane adireshi baƙon saƙo ya zo, sai ka saka shi a clients.conf, fayil ɗin na'urorin da ta sani. Sannan kalmar sirrin da ke tsakanin suwic da sabar, harafi ɗaya ya bambanta, zubar da saƙon tantancewa na EAP za ta yi ba ta ce uffan ba. Sake buga ta da hannu, bar kwafa da mannawa, wani lokacin fili ke maƙalewa a ƙarshe.

In allon bai nuna komai ba sam, mai yiwuwa katangar tsaro (firewall) ce ta tare saƙon. Ƙofofin da RADIUS ke bi su ne UDP 1812 na tantancewa, 1813 na lissafi. Tsofaffin na'urori kuma har yanzu wasu 1645 da 1646 suke nema, duba wannan.

Af, don Allah kafin ka mayar da shigar admin kan sabar waje, ko RADIUS ko TACACS+ (wani tsarin tantancewa makamancinsa), bar asusu ɗaya a cikin suwic ɗin kansa a matsayin madogara. Ni na taɓa kulle kaina a waje a wani ofis, ƙarfe goma na dare ina tsugune gaban rak da kebul ɗin konsol, mai gadi yana haska mini fitila.

Firintocin da ba su iya 802.1X ba kuwa, MAB za ka yi musu, wato tantancewa da adireshin MAC na na'urar, a VLAN nasu. Turo hoton abin da -X ya fitar, amma ka rufe kalmar sirrin.