Kayan sautin falo na hannu: abin saye da abin bari

Tambaya: Malam, ina so in haɗa sauti a falona don kallon ƙwallo da fina-finai, amma kuɗina ba su kai na sabo ba. Wani mai shago a Sabon Garin Kano ya nuna mini risiba ƙirar Yamaha ɗan Beljiyam, da sifiku biyar da wufa (babban sifika mai fitar da sauti mai kauri), ya ce in ɗauka gaba ɗaya zai yi mini ragi. In ɗauka? Daga wani mai karatu a Zariya.

Malam, abu biyu ne a gabanka ko da yake ciniki ɗaya aka yi maka, kuma ba tsufa ɗaya suke yi ba. Sifika mai kyau yana iya shekara 20 yana aiki, domin maganaɗisu ne da naɗin waya da takarda ko roba, kuma wayoyi biyu kawai yake nema. Risiba kuwa, wato akwatin da ke karɓar sauti ya rarraba wa sifiku, zamani ne ke kashe shi ko da bai lalace ba. Saboda haka na fi sakin jiki da sifiku na hannu, risiba kuma sai na yi masa binciken ƙwaƙwaf.

Fara da juya shi ka duba bayansa. In babu ramin HDMI ko ɗaya, tsohon yayi ne, kada a sa maka shi a kuɗin na zamani. In akwai, nemi rubutun ARC kusa da ramin da ke zuwa talabijin. Da shi ne sautin da ke cikin talabijin ɗin kanta, kamar na YouTube, yake komowa risiba ta waya ɗaya. ARC ya shigo ne da HDMI 1.4 a 2009, don haka wanda ya girmi wannan shekara ba shi da shi. In kuma talabijin ɗinka mai 4K ce, kana so hoto ya bi ta cikin risiba, to nemi rubutun HDCP 2.2, wanda ya yawaita a risibobin wajen 2015 zuwa sama. Rashin waɗannan ba ya hana saye. Kana iya haɗa dikoda kai tsaye da talabijin, ka jawo sauti zuwa risiba da wayar oftikal, wadda ke ɗaukar Dolby Digital 5.1, wato sautin sifiku biyar da wufa ɗaya, lafiya lau, kuma wannan ya ishi yawancin falukanmu. Amma dalili ne na neman ragi, kuma ka nema ba kunya.

Sai gwaji, wanda shi ne mutane suke yi wa gaggawa, abin da ke damuna ke nan. A kunna maka waƙa ta minti biyu da ƙarfi, wufa ya girgiza shago, ka ji daɗi ka biya. Wannan ba gwaji ba ne. Ka sa a bar shi a kunne kamar rabin awa, domin yawancin ciwon risiba ba ya fitowa sai ya ɗau zafi: sauti ya ɗauke, ko hoto ya riƙa ƙiftawa, ko ya kashe kansa. Ka gwada ramukan HDMI ɗaya bayan ɗaya, ba wanda mai shago ya zaɓa kaɗai ba. Wasu risibobin Onkyo da aka ƙera tsakanin 2009 da 2012 sun yi suna wajen ɗaukewar sauti saboda matsalar sashen HDMI da ke cikinsu, har kamfanin ya tsawaita musu gyara kyauta, kuma irinsu suna cikin kayan da ake shigowa da su. A cikin saitin yawancin risibobi akwai sautin gwaji mai shuuu da ke zagaya sifiku bi da bi. Ka sa a kunna shi, ka tabbata kowace hanya tana magana. Ka shinshina ramukan iska ko akwai ƙaurin ƙonewa, ka dubi kusoshin murfi ko sun sha sukuddireba.

Rimot ba ƙaramin abu ba ne, akwai saitin da ba a kai masa sai da shi. Haka ɗan makirfo ɗin da ke zuwa a kwali, wanda ake ajiyewa a wurin zama risiba ya auna ɗakin ya daidaita kansa. Yamaha suna kiran tsarin YPAO, Denon da Marantz kuma Audyssey. Sau da yawa ya ɓace tun kafin kaya su iso kasuwar Alaba ta Legas. Ana iya yin saitin da hannu, amma ka tambaya.

Su kuwa sifiku, cire rigar gaban ka dubi zoben da ya kewaye bakin kowanne. In na soso ne kuma ya fara rugurgujewa, gyara ya kama ka. Danna tsakiyar a hankali da yatsu, ya shiga ya fito ba tare da ƙarar gogayya ba. Ka kara kunnenka a kan ƙaramin na sama, mai fitar da siririn sauti, domin shi ne ke fara ƙonewa, kuma ba a lura da mutuwarsa a cikin hayaniyar kasuwa. In duk sun tsallake, ɗauka. In kuɗin bai isa duka ba, sayi risiba da manyan sifikun gaba biyu da na tsakiya, wanda shi ke ɗauke da maganar 'yan wasa da mai sharhin ƙwallo. Na baya za su iya jira.

Tambaya: Ƙanena da ke zaune a Amurka ya ce zai aiko mini da risiba Denon da wufa da ya daina amfani da su. Akwai matsala? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Hajiya, akwai, kuma babba ce, amma tana da magani. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce, tamu a Nijar da Najeriya 220 zuwa 230. Kayan da aka yi don kasuwar Amurka, in aka soka su a soket ɗinmu, nan take suke ƙonewa, kuma canza kan filogi ba ya hana komai. Ki ce ya ɗauki hoton rubutun da ke bayan kowanne, kusa da wayar wuta. In 120V kaɗai aka rubuta, sai da taransifoma mai rage wuta, wadda ƙarfinta ya ninka abin da risiba da wufa suke ci in an haɗa su. Sannan a manna takarda a jikin filogin, domin wata rana yaro ko baƙo zai zare ya mayar a bango. Ki haɗa kuɗin dako da na taransifoma tukuna. In sun kusa kuɗin wanda ya zo daga Turai, mai irin wutarmu, ki yi masa godiya ya aiko da sifiku zalla, su ba ruwansu da bolt.

Tambaya: Ina haɗa wa 'yata kayan ɗaki. An nuna mini hom tiyata na hannu da aka rubuta wa 3000W, da wani risiba mai 100W wanda ya fi shi tsada. Ashe ba mai 3000 ne ya fi ƙarfi ba? Daga wata uwa a Gusau.

Allah ya sanya alheri, Hajiya, ya ba su zaman lafiya. Wannan 3000 ɗin lissafin talla ne. In kin duba za ki ga PMPO a gefensa, ma'auni ne da ba shi da ƙa'ida ɗaya, kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga dama. Wanda ake dogara da shi shi ne RMS, kuma 100 ɗin risiba na hanya ɗaya ne, wato abin da yake ba sifika ɗaya, ba jimilla ba. Hanya mafi sauƙi ta kama ƙaryar ita ce ki sa a karanta miki wutar da na'urar take ci, tana rubuce a bayanta. Abin da ke cin wat 100 daga bango ba zai riƙa fitar da 3000 ba.

Duk da haka ba zan tura ki ga risiba ba. Hom tiyata na kwali ɗaya, irin na LG da Samsung da Sony, ya fi sauƙin haɗawa, kuma amarya ba ta bukatar saiti mai shafi goma. Aibinsa a na hannu shi ne komai a ɗaure yake da uwar, wato akwatin da ke kunna sifikun. In ta mutu, sifikun da wuya su yi wani amfani, domin yawancinsu om (ma'aunin turjiyar sifika ga wuta) 3 ko 4 ne, risiba kuma ya fi son 6 zuwa 8, wufan ma ba shi da amfilifaya na kansa. Ga na'urar faifan DVD da ke saurin gajiya, alhali yanzu da waya da filashi ake kallo. A ganina, ƙaramin sabo mai Bluetooth da garanti ya fi mata babban tsoho. Ki ware wani abu cikin kuɗin ki saya mata sitabilaiza, domin hawa da saukar wutar Nefa da ta janareto sun fi tsufa kashe irin waɗannan kaya. A kuma gaya mata kada ta shimfiɗa ƙyallen ado a kan ramukan iskarsa, ta riƙa kaɗe masa ƙura lokacin hunturu.

Tambaya: Na ga saiti mai kyau da araha a Facebook, mai shi yana Legas, ya ce in tura kuɗi ya sa a mota. Daga wani ɗalibi a Jos.

Ɗan'uwa, cinikin biri a sama ke nan, kada ka tura. Ko mutumin kirki ne, bidiyon da zai aiko maka ba zai nuna abin da ke faruwa bayan rabin awa ba, kuma sifika na iya fashewa a hanya ba wanda zai ɗauki asarar sai kai. In kana da wani a Legas da ya san kan kaya, ya je ya gwada kamar yadda na gaya wa mai tambaya na farko, ya biya a wurin, ya tsaya a naɗe kowane sifika daban da kwali da soso kafin a kai tasha. In ba ka da kowa, nemi na kusa da kai ko da ya ɗan fi tsada, kuma ka sa mai shago ya rubuta lambar jikin risiban a rasit, tare da kwanakin da ya yarda ka dawo da shi in ya ba da matsala.