Tambaya da Amsa: Agatha Hanson da Adana Wasiƙun Iyali

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyarwa a makarantar kurame. Na ji ana ambaton wata Ba'amurkiya kurma, Agatha Tiegel Hanson, wai malama ce kuma marubuciyar waƙoƙi. Wace ce ita? Sannan gwaggona marigayiya, ita ma kurma ce, ta bar mana wasiƙu cike da adaka. Yaya za mu yi kada su lalace?
Daga wata malama a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan gwaggo.

An haifi Agatha a birnin Pittsburgh a 1873. Sanƙarau ne ya kurmantar da ita tana shekara bakwai, ya kuma taɓa mata ido ɗaya. Ta shiga kwalejin kurame ta Washington, wadda yau ake kira Jami'ar Gallaudet, a 1888, shekara ɗaya kacal bayan an fara karɓar mata a matsayin gwaji. Ta kammala a 1893, kuma jawabinta na ranar yaye a kan basirar mace ta yi shi. Ta koyar a makarantar kurame ta Faribault a jihar Minnesota, ta auri Olof Hanson, kurma mai zanen gine-gine, a 1899, suka koma Seattle da zama. Ta wallafa waƙoƙinta a 1937, ta rasu a 1959.

Zamaninsu kurma ba ya amfana da tarho, don haka hirar da mai ji zai yi da baki ta wuce, shi a takarda yake yin ta da na nesa. Wasiƙun gwaggo ke nan: muryarta ce, ki riƙe su da wannan daraja.

Kafin komai, kada ki raba wasiƙa da ambulan ɗinta. Hatimin gidan waya ne ke nuna gari da kwanan wata idan ba a rubuta a ciki ba. Kada kuma ki wargaza jerin da ta bar su. Ki wanke hannu ya bushe, ki warware kowace a hankali ki shimfiɗa ta, domin a kan layin ninki takarda take fara yagewa. A cire fil da kilif, tsatsarsu tana cin takarda. Robar ɗauri kuwa narkewa take ta manne.

Abin da ya fi ɓarna shi ne gyaran ganin dama. Salatif yana barin tabon da ba ya fita. Laminatin ya fi shi muni: zafi ne da gam, kuma ba a warware shi. Idan za ki sa lamba, da fensir, ba biro ba.

A sa wasiƙu kamar goma a kowane fayil marar sinadarin asid, a jera a kwali mai murfi, a ɗora kwalin a saman kanta ko tebur, nesa da ƙasa da bango saboda gara. A guji ɗakin girki da ƙarƙashin kwano. Laimar iska ta fi dacewa tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. Idan ta haura 65 fumfuna na iya kamawa, shi ya sa ƙulle su a leda da damina kuskure ne. Ki riƙa dubawa duk wata har ruwa ya ɗauke.

Ki ɗauki hoton kowane shafi, gaba da baya har da ambulan, ki ajiye a wuri biyu. Tun dattawan gida suna nan, ki zauna da su a rubuta ko su wa aka ambata a ciki, kuma ki nemi yardarsu kafin ki karanta wa ɗalibai wadda ta shafi sirrin gida.