Ƙashin Nan Ne Ke Sa Ni Jiri? Amsoshin Tambayoyinku

Wata 'yar'uwa ta rubuto tana cewa: "Malam, shekara guda ke nan ina fama da jiri da nauyin kai. Tunanina kamar hazo ya rufe shi, layi ɗaya sai in karanta sau uku ban gane ba. Da dare kuma ina jin bugun zuciyata a kunnen dama. Da na je likitan haƙori ya ɗauki hoton muƙamuƙi, sai ya nuna mini wani siririn ƙashi a ƙasan kunne, ya ce ya fi ƙima tsawo. Kuɗin da na tara na gwaji ɗaya ne. Hoton MRI zan yi ko na CT? Ko kuwa in tafi neman mai tiyata kawai?"

'Yar'uwa, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Ƙashin da aka nuna miki kowa na da shi, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Sunansa sitailoyid, siriri ne kamar tsinke, yana saukowa daga ƙoƙon kai ta ƙasan kunne ya nufi maƙogwaro. Tsawonsa na yau da kullum bai wuce santimita biyu da rabi zuwa uku ba. Wani lokaci ya zarce haka, wani lokaci kuma igiyar da ta haɗa shi da ƙashin da ke ƙarƙashin harshe ce ke sandarewa ta zama kamar ƙashi. Likitan kunne da maƙogwaro ɗan Amurka, Watt Eagle na Jami'ar Duke, shi ya bayyana ciwon a 1937, shi ya sa ake kiransa ciwon Eagle.

Amma ki riƙe wannan tun kafin ki zaro ko kwabo: kusan mutum huɗu cikin ɗari suna da dogon ƙashin, kuma mafi yawansu har su tsufa ba su san da zamansa ba. Ganinsa a hoto bai tabbatar shi ne mai laifi ba.

Ciwon da aka fi sani da shi na maƙogwaro ne: mutum ya riƙa jin kamar ƙaya ta maƙale masa, haɗiya da zafi, ciwon ya harba zuwa kunne. Abin da kika kwatanta ya fi kama da ɗaya nau'in, inda ƙashin ke danne jijiyar jini. Babbar jijiyar da ke sauko da jini daga ƙwaƙwalwa, wato jugula, tana bi ne ta wani lungu tsakanin wannan ƙashi da ƙashin wuya na farko, wanda likitoci ke kira C1. In lungun ya matse, jinin ba ya sauka yadda ya kamata, kamar an taka tiyo da ƙafa. Daga nan ake samun ciwon kai, ƙara a kunne, dishi-dishin ido da wannan hazon. Sai dai su kansu likitoci ba su gama daidaita baki a kan wannan nau'in ba, domin ana ganin matsewar a jikin mutanen da lafiyarsu ƙalau.

Saboda haka ni da zan ba ki shawara, ki fara da masu araha. Jiri da dushewar tunani suna da iyaye da yawa: ƙarancin jini, ƙarancin bitamin B12, matsalar ƙwayar tairod da ke gaban wuya, hawan jini ko faɗuwarsa in an miƙe tsaye, rashin barci mai kyau, wasu magunguna. Akwai kuma hajijiyar da ƙananan tsakuwoyin cikin kunne ke jawowa, wadda likita ke ganewa ta hanyar kwantar da mutum ya juya masa kai, ya kuma gyara ta a zama ɗaya ko biyu. Tunda kina jin bugu a kunne, ki sa likitan ido ya leƙa bayan idonki, don kumburin jijiyar gani alama ce ta matsi a cikin kai, kuma ba a wasa da shi.

In an share waɗannan, to tsakanin hotunan cikin jiki biyun da kika ambata, CT ya fi dacewa da tambayarki. MRI gwani ne wajen nuna ƙwaƙwalwa da nama, amma a kan siririn ƙashi CT ya fi shi. Kar ki je da kanki ki ce a ɗauki "hoton kai", sau da yawa ba ya saukowa ƙasa yadda ake buƙata, kuɗin ya tafi a banza. Ki bari likitan kunne da maƙogwaro ya rubuta: CT na wuya, da allurar da ke haska jijiyoyin jini, a kuma haɗa hoton mai fuska uku, wato 3D. Ki roƙa a auna tsawon ƙashin a rubuta, a faɗi ko ya taɓa jijiya. Ki karɓi faifan hotunan, ba takardar sakamako kaɗai ba, domin duk likitan da za ki gani nan gaba hoton zai so gani da idonsa. In kina da ciki ko ciwon ƙoda, ki faɗa tun kafin allurar.

Tiyata kuwa ita ce ta ƙarshe a layi. Ana cire ƙashin ta cikin baki ko ta yanka a gefen wuya. Ta baki ba ta barin tabo, amma ta wuya ta fi ba likita damar ganin jijiyoyi ya cire ƙashin tun daga kusa da tushensa, abin da ake so in maganar matsewar jini ce. Akan samu karkacewar leɓe ta ɗan lokaci, ko zafi a loma ta farko in an zauna cin abinci. Ki tambayi mai tiyatar sau nawa ya yi irin wannan aiki, kuma me zai yi in an cire hazon bai yaye ba. Wanda ya ce miki tabbas za ki warke, ki nemi ra'ayi na biyu.

Wani ɗan'uwa kuma ya ce an tabbatar masa da dogon ƙashin. In ya waiga baya yana tuƙi sai idonsa ya yi duhu na ɗan lokaci. Ya ga tallar na'urar jan wuya da ta tausa a intanet, ga kuma wani mai murɗa wuya har ya yi ƙara. Wanne ya fi?

Ɗan'uwa, babu ko ɗaya. Ajiye kuɗinka. Ba na'urar da ke rage tsawon ƙashi, kuma duhun da kake gani in ka waiga ya sa ina tsoron ƙashin yana gogar karotid, jijiyar da ke kai jini sama. Murɗa wuya da ƙarfi a wannan hali na iya tsaga bangon jijiyar, gudan jini ya taru, a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. Kwalar wuya ma in aka daɗe da ita sai naman wuyan ya yi sanyi. Ka ga likita a makon nan, ka faɗa masa maganar waigen yadda ka faɗa mini, kuma ka haƙura da tuƙi har a duba ka. In ka ji hannu ya mutu, baki ya karkace ko magana ta sarƙe, ko da na minti biyu ne ya wuce, wannan na sashen gaggawa ne a ranar.