Tikiti ya ce awa 3, manhaja ta ce awa 8: wa ke da gaskiya?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na sayi tikitin jirgi daga Landan zuwa New York. An rubuta tashi ƙarfe 10 na safe, sauka ƙarfe 1 na rana, amma manhajar neman tikitin jirgi ta Google Flights ta nuna min tafiyar awa 8. Kuma tafiyar dawowa ba ta kai ta zuwa tsawo ba. Ko wayata ce ta rikice?

Amsa: Malama, wayarki lafiyarta ƙalau. Kamfanonin jirage suna rubuta lokacin tashi da agogon garin da za a tashi, lokacin sauka kuma da agogon garin da za a sauka. Landan tana gaban New York da awa 5, don haka ƙarfe 1 na ranar New York ƙarfe 6 na yamma ne a Landan. Ga awa 8 ɗinki nan. Cikin wannan lissafi har da lallaɓawar jirgi a ƙasa kafin tashi da bayan sauka.

Batun dawowa kuwa aikin iska ne. A can sama inda jirage ke bi, akwai iska mai tsananin gudu da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Mai zuwa New York yana kutsawa cikinta, mai dawowa kuma ita ke tura shi, shi ya sa yakan samu ragin kusan awa guda. Da hunturu ta fi ƙarfi. A watan Fabrairun 2020 wani jirgin British Airways ya zo Landan daga New York cikin awa 4 da minti 56 kacal, alhali nisan bai canza ba, kimanin kilomita 5,550 ne.

Shawarata, ki bar wayar ta saita agogo da kanta, sannan idan za ki sa tafiyar a kalanda ki zaɓi yankin lokacin kowane gari. Nan ne mutane da yawa ke makara.

Tambaya: Yallaɓai, a Flightradar24, manhajar da ke nuna hanyar da jirage ke bi, na ga jiragen Landan zuwa New York suna yin kwana ta wajen Kanada. Me ya hana su miƙewa sambal?

Amsa: Ai miƙewar suke yi, ɗan'uwa. Duniya a dunƙule take, taswirar allon waya kuma a shimfiɗe. Ɗauki zare ka miƙe shi tsakanin wurare biyu a jikin ƙwallo, za ka ga hanya mafi kusa. Idan aka shimfiɗa ta a allo sai ta fito a lanƙwashe. Gwada da kanka a Google Maps: danna gari ka riƙe har alama ta fito, ka nemi zaɓin auna nisa, ka ja zuwa ɗaya garin. Sai dai ka sani matuƙa kan kauce wa wannan layi saboda hadari, ko iska, ko sararin ƙasar da aka rufe, don haka tafiyar takan ɗara abin da ka auna.