Atishawar asuba da ta ƙi ƙarewa: mura ce ko ƙwarin katifa?

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 9 kullum ya tashi sallar asuba sai ya jera atishawa ta fi goma, hanci na zuba, yana murza ido. Da hantsi sai ya ware. Na saya masa maganin mura har na gaji. Me ke damunsa? Daga wata uwa a Asawase, Kumasi.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Abin da kika kwatanta bai yi mini kama da mura ba. Ita mura takan zo da ɗan zazzaɓi ko ciwon jiki, majina ta yi kauri, cikin kwana 7 zuwa 10 ta wuce. Wadda kuwa ke sallama kowace asuba ta tafi da hantsi, wata da watanni, na fi zargin alaji ce, wato jiki ya ɗauki gaba da abin da bai kai ya cutar da shi ba. A gari mai laima irin Kumasi, ƙwarin ƙura nake fara tuhuma.

Ba kuɗin cizo ba ne, ba sa cizo sam. Dangin kaska da gizo-gizo ne, tsawonsu bai kai rabin milimita ba, ido ba ya ganinsu. Ɓarɓashin fatar da jikinmu ke zubarwa suke ci, shi ya sa suka tare a katifa, filo, bargo, labule da kafet. Kashinsu ne yaro ke shaƙa dare guda yana kwance. Daga iska suke samun ruwan jikinsu, don haka damina lokacinsu ce. Kuma kada ki ɗora wa kanki laifi, ɗakin da ake sharewa kullum ma ba ya rasa su.

Ki zuba masa ido mako biyu. Majinar alaji fara ce tsararo kamar ruwa, ga ƙaiƙayi a hanci da ido har cikin maƙogwaro. Irin waɗannan yara za ki ga suna tura hanci sama da tafin hannu, har wani siririn layi ya kwanta musu a karan hanci, ƙasan ido ya yi duhu. Da dare hanci ya toshe, ya kwana baki buɗe yana minshari, gari ya waye yana gyangyaɗi a aji, malami ya ce lalaci ne. Ki lura kuma ko atishawar na tashi idan ana kakkaɓe katifa, ko ya kai goshi kan tsohuwar sallaya.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙirji. Idan yana tari cikin dare, ko kina jin numfashinsa na fito kamar usur, ko ya yi haki daga ɗan gudu, alajin na iya haɗuwa da asma. Ranar da kika ga haƙarƙarinsa na lotsawa wajen jan numfashi, kada ki jira gari ya waye, asibiti kai tsaye.

Ki kai shi wurin likitan yara ko na hanci da kunne, kamar a asibitin Komfo Anokye. In ana bukatar tabbaci, akwai gwajin jini, akwai na fata: a ɗiga ruwan gwaji a hannu, a ɗan tsira wurin, cikin minti 15 zuwa 20 ya tasa kamar cizon sauro idan alajin ne. Maganin kashe ƙwayar cuta ba ya taɓa wannan matsala, kada ki saya. Magungunan alaji irin su cetirizine da feshin hanci suna taimakawa, amma likita ne zai faɗi adadin da ya dace da shekarunsa.

Kafin nan, ki riƙa wanke zanin gado da rigar filo da ruwan zafi kowane mako, zafin ya kai digiri 60. Katifa da sallaya a shanya su a rana mai ƙarfi. Ƙura kuma a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, shi kuwa ya fita tsakar gida har a gama shara.