Kai amarya Kumasi: bas ɗin cikin gari ko motar dogon zango?

Tambaya: Assalamu alaikum. Za mu kai amarya daga unguwar Nima a Accra zuwa Aboabo a Kumasi, mu kusan arba'in, akwai tsofaffi da akwatuna masu yawa. An ba mu farashin bas irin na cikin gari, an kuma ba mu na babbar mota irin ta kamfanin sufuri na VIP, wadda ta fi tsada. Ashe ba duk bas ba ne? Daga gwaggon amarya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya sanya alheri. Suna ne ya haɗa su, amma aikin da aka ƙera kowacce dominsa daban ne. Bas ɗin cikin gari, irin na Aayalolo da ya fara aiki a Accra a 2016, an yi shi ne domin mai shiga nan ya sauka can, shi ya sa ƙofofinsa ke da faɗi, kujerunsa kaɗan ne kuma masu tauri, tsakiyarsa kuwa fili ne da ƙarafan riƙewa domin masu tsayuwa.

Motar dogon zango, irin ta kamfanin STC ko VIP, kowa da kujerarsa, mai laushi, wadda ake kwantar da bayanta, ga na'urar sanyaya iska. Abin da ya fi shafarku shi ne rumbun kaya da ke ƙarƙashin kujerun, wanda ake buɗewa daga waje. Nan akwatunan amarya da tukwane za su shige, maimakon a jibge su a kan hanyar wucewa, tsohuwa ta ɗora ƙafa kan buhu tun daga Nsawam har Nkawkaw. Tafiyar ta kai kimanin kilomita 250, kuma idan hanya ta cushe takan haura awa biyar.

Saboda haka ki ɗauki ta dogon zangon. Aibinta guda shi ne tsayin matakala, sai a ajiye wa tsofaffi kujerun gaba, a kuma sa yaran gida su kama musu hannu. Su riƙe mayafi mai kauri, domin sanyin cikinta ba ya raga wa mai ciwon gwiwa.

Kafin ki ba da kafin alkalami, ki tura wanda zai ƙirga kujerun da idonsa, domin motoci masu faffaɗar kujera ba sa ɗaukar mutum arba'in. Ya duba tayoyi da takardar inshora, a kuma yanke magana kan ko kuɗin ya haɗa da dawowa da tsayawa salla a hanya.